Maganin jiƙa ido na Hypromellose a hunturun Ringim: amfaninsa ga busasshen ido da iyakarsa idan kunne ma ya bushe

Maganin da nake son yin bayani a kansa yana zuwa ne a ƙaramar kwalbar roba mai cin mililita 10, an rubuta Hypromellose 0.3% a jikin kwalinta, kuma kamfanoni da dama ne ke yin sa, don haka ana samun sa da sunaye daban-daban a manyan kemis na Ringim, Dutse da Kano. Aikinsa guda ne, wato ya tsaya a madadin hawaye a lokacin da ido ya kasa jiƙa kansa, shi ya sa ma'aikatan asibiti ke kiran sa hawayen roba. Babu sinadarin kashe ƙwayar cuta a matsayin magani a cikinsa, kuma ba ya ƙara ƙarfin gani. Mun yi amfani da shi a gidanmu tsawon hunturun da ya wuce, ni da mahaifiyata, a ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim, kuma ra'ayina a kansa shi ne magani ne mai gaskiya wanda ya cancanci kuɗinsa, amma hurumin aikinsa ƙanƙane ne, kuma wanda bushewar idonsa ta zo tare da bushewar kunne yana bukatar fiye da abin da kwalbar nan za ta iya ba shi.

Inna ta haura shekara 60, kuma abin da take kuka da shi shi ne ji kamar an zuba mata yashi a ido, da zafi-zafi da yamma, da nauyin fatar ido idan ta tashi da asuba. Abin da ya daɗe yana ruɗa mutanen gida shi ne idon nata ba ya rabuwa da hawaye, musamman idan ta fita tsakar gida iska na kaɗawa, don haka babu wanda ya kawo bushewa a ransa. Daga baya ne muka fahimci cewa busasshen ido kan yi haka: idan samansa ya bushe har ya fara zafi, jiki kan aiko da ruwa mai yawa a lokaci guda, amma ruwa ne tsinkakke da ba ya zama, sai ya kwararo a kumatu ya bar idon yadda ya same shi. Ni kuwa matsalata ta fi sauƙi, domin ta hawan babur ce cikin ƙura zuwa makarantar da nake koyarwa, da kuma duban waya da dare. Mutum kan ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti guda, amma idan ya ƙura wa waya ido adadin kan ragu da rabi ko fiye, alhali ƙiftawar ce ke shimfiɗa hawaye a kan ido.

A wurina maganin ya yi duk abin da nake nema. Ɗigo ɗaya a kowane ido kafin in hau babur, ɗaya kuma idan na dawo, sai zafin ya kwanta, kuma da na haɗa da sanya tabarau mai rufe gefe a kan hanya sai bukatar ta ƙara raguwa. Yana ɗan sa gani ya yi hazo na ɗan lokaci kaɗan bayan ɗigawa, saboda ya fi ruwa kauri, don haka bai kamata a ɗiga a tayar da babur nan take ba. A wurin Inna labarin ya bambanta. Sanyin da take ji da zarar an ɗiga na gaske ne, har takan yi hamdala, amma ba ya jimawa. Ranar da aka yi buji, ko ranar da ta zauna kusa da murhu ana girki da kara, ko ake shiƙar gero a ƙofar gida, kafin awa guda ta cika yashin ya dawo. A watannin Janairu da Fabrairu damshin iska a wannan yanki kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, kuma ruwan da aka ɗiga a ido ba ya iya tsayawa gaban irin wannan iska idan babu abin da zai tsare shi.

Dalilin wannan bambanci yana cikin yadda Allah ya tsara hawaye. Abin da ke lulluɓe da ido hawa uku ne. Akwai yauƙi a ƙasa wanda ke sa ruwa ya kama jikin ido, akwai ruwan kansa a tsakiya wanda ke fitowa daga wata maɓuɓɓuga da ke saman ido ta gefen kunne, sannan a sama akwai wani siririn mai da ke hana ruwan tashi, kamar yadda man gyaɗa kan rufe saman miya ya riƙe mata tururi. Wannan mai yana fitowa ne daga wasu ƙananan maɓuɓɓugai da ke jere a cikin fatar ido, kimanin 25 zuwa 40 a ta sama da 20 zuwa 30 a ta ƙasa, bakunansu na buɗewa a gefen fatar, daf da bayan gashin ido. Wani likitan Jamus, Heinrich Meibom, ya yi bayaninsu a 1666, kuma da sunansa ake kiran su har yau. Mafi yawan masu fama da bushewar ido matsalarsu daga nan take, wato man ya ragu ko ya daskare ya toshe bakunan. Hypromellose kuwa ruwa ne da aka ba shi ɗan kauri da wani sinadari da ake sarrafawa daga jikin tsirrai, yana ƙara wa hawa na tsakiya, yana ɗan taimaka wa na ƙasa, amma babu mai a cikinsa. Ni da maɓuɓɓugaina ke aiki ya ishe ni, Inna da nata suka yi rauni bai ishe ta ba.

A nan ne batun kunne ya shigo. Tun kafin idon ya matsa mata, Inna ta lura cewa dauɗar kunnenta ta ragu ƙwarai, kuma ɗan abin da ke fitowa ya koma kamar dusa, fari-fari, ga ƙaiƙayi da ke sa ta riƙa sakace kunnen da gashin kaza ko tsinken tsintsiya. Mutane da yawa a wurinmu suna ɗaukar rashin dauɗar kunne a matsayin alamar tsafta, alhali ita wannan dauɗa kariya ce. Ramin kunnen babba tsawonsa kamar santimita 2.5 ne, kuma a kashi ɗaya cikin uku na wajensa ne kaɗai ake yin ta, daga haɗuwar man da maɓuɓɓugan mai na fata ke fitarwa, da wani ruwa mai danƙo da wasu maɓuɓɓugai 'yan uwan na gumi ke fitarwa, da kuma matacciyar fata. Tana da ɗan tsami da ke hana ƙwayoyin cuta da naman gwari, wato dangin fumfuna, yaɗuwa, tana kama ƙura da ƙananan ƙwari, tana kuma hana fatar ramin tsagewa. Fatar ramin tana tafiya a hankali daga dodon kunne zuwa waje, motsin muƙamuƙi wajen tauna da magana yana taimaka mata, ta haka kunne ke share kansa ba tare da an sa masa tsinke ba.

Alaƙar da ke tsakanin ido da kunne ta dangantaka ce. Maɓuɓɓugan mai na fatar ido da na ramin kunne dangi ɗaya ne, kuma abubuwan da ke raunana ɗaya sukan taɓa ɗayan. Na farko shi ne shekaru. Akwai wasu sinadaran jiki da ke zaburar da maɓuɓɓugan mai, suna da yawa ga maza, mata ma suna da nasu kaɗan, kuma suna raguwa da girma, shi ya sa bushewar ido ta fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, kuma a daidai waɗannan shekaru ne maɓuɓɓugan kunne ke raguwa, dauɗar ta zama busasshiya. Na biyu magunguna ne. Akwai maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi da ake kira Isotretinoin, wanda aikinsa shi ne ƙanƙantar da maɓuɓɓugan mai na fata, kuma sananne ne cewa masu shan sa leɓensu da hancinsu da idonsu kan bushe, fatar ramin kunne kuwa ita ma fata ce. Waɗanda suka fi kusa da mu a karkara su ne ƙwayoyin mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su Chlorpheniramine, da wasu magungunan damuwa da ciwon jijiya irin su Amitriptyline, waɗanda ke rage hawaye da yawu.

Na uku ya fi waɗannan nauyi. Akwai wata cuta da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi maɓuɓɓugan hawaye da na yawu, wadda likitan ido ɗan ƙasar Suwidin Henrik Sjögren ya yi cikakken bayaninta a 1933 bayan ya duba mata 19, kuma ta ɗauki sunansa. Cikin kowane mutum 10 da ke da ita kusan 9 mata ne, galibi tana bayyana ne tsakanin shekara 40 da 60, kuma sau da yawa tana tafiya tare da ciwon gaɓɓai mai kumburi. Mai ita bakinta kan bushe har ta kasa haɗiye tuwo ko ƙuli-ƙuli sai da ruwa, haƙoranta su riƙa lalacewa, fatarta da hancinta su bushe, ramin kunne ma yakan shiga ciki. Irin wannan mace idan aka bar ta da kwalbar ɗigon ido kaɗai an cuce ta, domin ciwon a jiki gaba ɗaya yake, kuma ana gano shi ne ta gwajin jini da binciken likita.

Duk da haka ba kowace busasshiyar dauɗar kunne ce alamar ciwo ba, kuma ya kamata a faɗi wannan don kada a tayar wa mutane hankali. Akwai waɗanda haka aka halicce su. A 2006 masu bincike a Japan suka nuna cewa wani ɗan ƙaramin sauyi guda ɗaya a wata ƙwayar gado da ake kira ABCC11 ne ke raba mutane gida biyu, masu ɗanyar dauɗa mai danƙo mai ruwan zuma da masu busasshiya mai launin toka. Busasshiyar ta fi yawa a Sin, Koriya da Japan, mu kuwa mutanen Afirka kusan dukkanmu masu ɗanya ne. Wannan yana da amfani gare mu ta wata fuska, domin Bahaushen da ya rayu da ɗanyar dauɗa shekara da shekaru, sannan ya ga ta koma dusa, abin nasa sauyi ne da ya zo daga baya, kuma sauyi yana da dalili. Akwai kuma wata fuskar da ke yaudara. Ga tsofaffi, dauɗar da ta bushe takan ƙi fitowa, ta taru a ciki ta toshe ramin, musamman idan ana danna ta da tsinken auduga, sai mutum ya ga babu komai a waje ya ɗauka ta ƙare, alhali ji ne ke raguwa. Ba a rarrabe waɗannan biyu sai an leƙa kunnen da fitilar asibiti. Likitoci ba sa auna bushewar ido da dauɗar kunne, suna da nasu gwaje-gwajen, amma labari ne da ya dace a ba su.

Da muka ga kwalbar ba ta riƙe Inna, sai muka kai ta sashen ido na wani babban asibiti. Ma'aikaciyar da ta fara duba ta ba ta tsaya kan ido ba. Ta ce, "Inna, bakinki yana bushewa? Idan za ki ci tuwo sai kin kora da ruwa? Yatsunki suna ƙagewa da safe?" Inna ta ce, "A'a, 'yar nan, bakina lafiya lau, kunne ne dai ke damuna da ƙaiƙayi." Aka maƙala mata wata siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5 don a ga iya inda hawaye zai jiƙa. Wannan gwaji tsoho ne, tun 1903 likitan Jamus Otto Schirmer ya fito da shi, kuma jiƙon da ya wuce milimita 10 ana ɗaukar sa lafiya, wanda bai kai 5 ba kuwa alamar ƙarancin ruwa ne sosai. Nata bai nuna ƙarancin ruwa mai tsanani ba. Sai aka ɗiga mata wani rini mai ruwan ɗorawa aka duba da shuɗiyar fitila, nan aka ga hawayen yana tsagewa da wuri bayan ƙiftawa, aka kuma matsa gefen fatar idon aka ga man da ke fitowa ya yi kauri. Da aka bi diddigin abin da take sha, sai ga ƙwayar murar nan mai sa barci, wadda take haɗiya kusan kullum da dare tun shigowar sanyi. A kunne kuwa ba a sami toshewa ba, busasshiyar fata ce da ƙarce-ƙarcen tsinke.

Abin da aka ɗora ta a kai bai ci kuɗi ba. Aka ce ta bar ƙwayar sai da larura, ta riƙa jiƙa tsumma mai tsafta a ruwan ɗumi tana ɗorawa a kan ido a rufe na minti 5 zuwa 10 safe da dare don man ya narke, sannan ta murza fatar a hankali zuwa wajen gashin ido ta goge gefen. Aka kuma yi mata magana a kan kwalli cikin ladabi, domin a daidai bakunan maɓuɓɓugan nan ake zizara shi, kuma kwallin dutse da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa yana ɗauke da dalma. Ba a ce ta rabu da shi ba, an dai ce ta rage, ta kuma wanke kafin barci. Da aka haɗa waɗannan da maganin, sai kwalbar da a da ba ta kai awa guda ta koma tana riƙe ta tsakanin salla da salla. A ganina wannan ne matsayin Hypromellose na gaskiya ga dattijai, wato mataimaki ne mai kyau idan an gyara tushen, kuma ba zan zarge shi da gazawa a aikin da ba a yi shi dominsa ba.

Game da kunne, ina jan hankali kada wani ya ce tun da asalin ɗaya ne bari ya ɗiga na ido a kunne. Ruwa ne, kuma ramin da ba shi da dauɗa mai kare shi idan ya zauna a jiƙe ya fi saurin kamuwa da ƙwayar cuta da naman gwari. Inna an ce mata ta ajiye gashin kaza da tsinke gaba ɗaya, ta tsaya ga goge wajen kunne da yatsa a tsumma, kuma bayan an tabbatar dodon kunnenta bai huje ba aka yarda ta riƙa sa ɗigon man zaitun mai tsafta jefi-jefi. Sharaɗin nan na dodon kunne ba abin wasa ba ne, domin yara da manya da yawa a ƙauyukanmu sun yi ciwon kunne mai zubar da ruwa wanda ya bar huji ba su sani ba, kuma zuba mai ko ruwan ganye a irin wannan kunne yana iya jawo babbar matsala. Ƙaiƙayin nata ya ragu sosai, dauɗar dai ba ta koma yadda take a ƙuruciya ba, kuma an gaya mana ba a sa ran hakan.

Kwalbar kanta tana da aibobin da ya kamata mai saye ya sani. Wadda muka samu tana ɗauke da sinadarin hana lalacewa da aka rubuta Benzalkonium chloride, kuma wannan sinadari idan ana ɗiga shi fiye da sau 4 zuwa 6 a rana na tsawon lokaci shi kansa yana cin saman ido ya ƙara bushewar. Saboda haka wanda ciwonsa ya kai ya riƙa ɗigawa kowace awa ya kamata ya nemi irin da ba shi da wannan sinadari, mai zuwa a ƙananan robobi na amfani sau ɗaya, sai dai ya fi tsada kuma a birni ake samun sa. Na biyu, robar tana da tauri ga hannun tsohuwa, idan ta matsa sai ɗigo biyu ko uku su zubo, alhali ido ba ya iya riƙe ko ɗigo ɗaya cikakke, sauran asara ne. Na uku, bayanin da ke ciki da Turanci ne kuma da ƙananan haruffa, abin da ya ba ni takaici, domin mafi yawan masu bukatar maganin a yankinmu dattijai ne da idonsu ke ciwo, kuma da an sa layi uku da Hausa da boko da ajami da an rage kurakurai da yawa. Na huɗu shi ne zafi. An rubuta a ajiye shi ƙasa da digiri 25, mu kuwa a bazara zafi kan haura 40, ga rashin wuta, don haka mukan sa shi a leda mu ajiye a gindin randa.

Akwai kuma ƙa'idar kwana 28. Da zarar an buɗe kwalba, bayan mako huɗu zubar da ita ake yi ko da saura, saboda ƙwayoyin cuta kan shiga. Lissafin ya zo daidai ga mai amfani kullum, domin mililita 10 kan ba da ɗigo wajen 200, wanda ke ɗiga ɗaya a kowane ido sau 4 a rana zai cinye 8, kwalbar ta kai shi kwana 25. Ga irina mai ɗigawa jefi-jefi kuwa rabi ake zubarwa, kuma zuciya takan so a ci gaba da ita, ko a miƙa wa maƙwabci. Ban yarda da ko ɗaya ba, ni da Inna ma kowa da tasa, kuma na rubuta ranar buɗewa a jikin kwali da biro. A 2023 a Amurka, inda ake da tsauraran dokokin magani, wani hawayen roba da aka yi a Indiya ya gurɓata da wata ƙwayar cuta mai ƙin jin magani, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 81 a jihohi 18, daga cikinsu 14 suka rasa gani, 4 suka rasu. Idan haka ta faru a can, ba ni ganin dalilin da zai sa mu sayi maganin ido a faranti a tsakar rana ranar kasuwar Gujungu. A duba lambar NAFDAC, a duba ranar ƙarewar aiki, a tabbata hatimin murfin bai ɓalle ba, kuma kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko yatsa.

Haɗarin da ya fi tsorata ni shi ne musanya. Na taɓa shiga wani ƙaramin kemis neman sabuwar kwalba, yaron shagon ya ce, "Malam, wannan ya ƙare, amma ga wanda ya fi shi, yana wanke jan ido nan da nan." Da na karanta sai na ga Dexamethasone. Irin wannan da ɗan uwansa Betamethasone suna kwantar da ja da ƙaiƙayi da sauri, shi ya sa mutane ke son su, amma doguwar ɗigawa ba tare da likita ba tana iya haddasa hawan jinin ido da yanar ido, kuma hawan jinin ido yana cinye gani ne shiru, abin da ya tafi ba ya dawowa. Ga manomin da zangarniyar gero ko ƙaiƙayin shinkafa ya ƙarce wa baƙin ido, wannan magani yana iya ba naman gwari dama ya cinye idon cikin kwanaki. Darajar Hypromellose a nan take, domin ko bai warkar ba, ba ya yin irin wannan ɓarna. Shawarata ita ce a tafi kemis da tsohon kwali a hannu, a ce irin wannan ake so, idan babu a haƙura a nema a gaba.

Akwai bushewar da asalinta wani ciwo ne daban, kuma yankinmu ya san su. Amosanin ido, wanda aka daɗe ana yaƙi da shi a Jigawa da Kano ta rabon magani gida-gida da tiyatar fatar ido, yana barin tabo a cikin fatar da ke lalata masu yin yauƙi da hanyoyin hawaye, sannan ya juyar da gashin ido ciki ya riƙa gogar baƙin ido. Dattijuwar da ke yawo da matsefata tana cire gashin idonta tiyata take bukata, ɗigo kuwa sauƙin ɗan lokaci ne kawai. Ƙarancin sinadarin bitamin A yana busar da idon yara, yana farawa da dundumi, kuma maganinsa shi ne ɗigon bitamin da ake bai wa 'yan wata 6 zuwa 59, da abinci irin su zogale, manja, hanta, kabewa, gwanda da mangwaro. Ciwon suga ma yana rage hawaye. Su kuwa ƙwayoyin man kifi da ake tallatawa don bushewar ido, wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2018 kan mutum 535 ya nuna ba su fi man zaitun da aka ba ɗaya rukunin amfani ba, don haka ban ga hikimar talaka ya zuba kuɗinsa a nan ba. Idan kuwa akwai ciwo mai tsanani, ko gani ya ragu, ko fari ya fito a baƙin ido, ko ido ya ƙi haske, ko mugunya na fita, ranar nan ake tafiya asibiti.

Masu azumi sukan tambaya game da ɗanɗanon da ake ji a maƙogwaro bayan ɗigawa. Akwai wata 'yar kafa a kusurwar ido ta wajen hanci da ke kai hawaye cikin hanci, ta nan maganin ke gangarawa. Idan aka rufe ido aka danne kusurwar da yatsa na minti 1 zuwa 2, kaɗan ne ke wucewa, kuma maganin ya fi jimawa a inda ake bukatarsa. Hukuncin azumin na malamai ne, su za a tambaya, Inna dai takan ɗiga nata da sahur da kuma bayan shan ruwa. Wanda yake da wani maganin ido na daban, kamar na hawan jinin ido, sai ya bar aƙalla minti 5 tsakaninsu don kada ɗaya ya wanke ɗayan.

Ta fuskar kuɗi, farashin yana hawa kamar na kowane magani, amma kwalba ɗaya ba ta kai kuɗin motar zuwa Kano da dawowa ba, kuma ga ɗan acaba, mai injin niƙa, mai shiƙa, ɗalibi mai duban waya, ko duk wanda hunturu kaɗai ke busar masa da ido, na ba da shawarar a saye shi ba tare da ɗar-ɗar ba. Wanda kuwa ya yi wata guda yana ɗigawa babu sauyi, ko ya ga bushewar ta haɗa da kunne, baki ko fata, tafiyar ta kama shi. Ana duba ido a Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a Kano akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano mai sashen ido da na kunne, hanci da maƙogwaro, da asibitin ido na ECWA da na Makkah, a Kaduna kuma akwai cibiyar ido ta ƙasa da cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Mai zuwa ya tattara duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na mura da na gargajiya da kwallin da yake sawa, ya kuma gaya wa likitan ido labarin kunnen da na bakin ko da ba a tambaye shi ba.